Ƙiba da rama: makonni shida da ke yanke wa saniyar tatsa hukunci

Kusan kashi uku cikin huɗu na cututtukan da ke kama saniyar tatsa a garken zamani suna bayyana ne a watan farko bayan ta haihu. Wannan ne ya sa likitocin dabbobi suka keɓe makonni uku na ƙarshen ciki da makonni uku na farkon shayarwa, suke ɗaukarsu a matsayin lokaci mafi haɗari a rayuwar saniya. A cikin waɗannan makonni shida ake gane yawan madarar da za ta bayar a shekarar, da lokacin da za ta sake ɗaukar ciki, wani lokaci ma har da ko za ta miƙe daga inda ta kwanta ta haihu.

Batun ya shafi Nijeriya kai tsaye. Hukumomi sun sha bayyana cewa ƙasar na kashe kimanin dala biliyan 1.5 a kowace shekara wajen shigo da madara daga waje, kuma rage wannan giɓi na daga cikin dalilan da suka sa Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a watan Yulin 2024. Hanyar da aka fi dogara da ita ita ce haɗa irin shanun gida, kamar Bunaji da Gudali, da shanun Turai masu yawan nono irin su Firiziyan, aikin da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika a Zariya ta shafe shekaru da dama tana yi. Sai dai yawan nono yana zuwa da nasa nauyi. Saniyar da ke ba da lita 15 ko 20 a rana tana iya kamuwa da cututtukan da makiyayin da ya saba da mai ba da lita ɗaya ko biyu bai taɓa gani ba, ita kuwa ta ruga tana da nata bala'in, wanda ya girmi zuwan shanun Turai.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Ɗan maraƙi yana yin kusan kashi biyu cikin uku na girmansa a watanni biyu zuwa uku na ƙarshen ciki. Yana girma yana matse tumbi, ga kuma sauye-sauyen da jiki ke yi don shirin haihuwa, sai cin abincin saniya ya ragu da kimanin kashi 30 cikin ɗari a makonni uku na ƙarshe, mafi yawan raguwar a satin haihuwa. Daidai lokacin da bakinta ya rufe, hantsa ta buɗe nata. Kwanaki huɗu kacal bayan haihuwa, abin da hantsar saniya mai yawan nono ke zuƙa na sukarin jini, wato gulukos, ya kusa ninka sau uku abin da mahaifa ke ɗauka a ƙarshen ciki. Kowace lita ta madara tana cin kimanin giram 70 na gulukos, kuma saniya ba ta samun sukari kai tsaye daga abinci kamar mutum. Ƙwayoyin halittar da ke tumbinta su ke narka ciyawa, hanta kuma ta haɗa gulukos daga abin da suka fitar.

Nono yana kai ƙololuwarsa tsakanin mako na huɗu da na takwas, amma cin abinci ba ya dawowa cikakke sai wajen mako na goma zuwa sha huɗu. Tsakanin waɗannan lokuta biyu saniya bashi take ci daga jikinta. Tana narka kitsen da ta tara, da wani ɓangare na tsokarta, tana mai da su madara. Haka Allah Ya halicce ta, kuma ramar da ba ta wuce kima ba a wannan lokaci ba cuta ba ce. Matsalar tana tasowa ne ta hanya biyu: ko ta zo haihuwa ba ta da ajiyar da za ta ci, ko ajiyar ta yi yawa ta kwararo gaba ɗaya fiye da yadda hanta za ta iya ɗauka.

Ma'aunin da ba ya bukatar sikeli

Sikeli ba ya faɗin gaskiya game da saniya mai ciki, domin nauyin maraƙi da ruwan mahaifa da abin da ke tumbi duk suna shiga lissafi. Shi ya sa aka ƙirƙiro ma'aunin yanayin jiki, wanda ake yi da ido da tafin hannu. Wanda aka fi amfani da shi ga shanun madara ya fito daga Amurka a farkon shekarun 1980, yana tafiya daga maki 1, wato saniyar da fata ta manne wa ƙashi, zuwa maki 5, wadda kitse ya binne mata kowane ƙashi. Ga shanu masu tozo irin na Afirka, tsohuwar cibiyar binciken dabbobi ta ILCA da take Adis Ababa a lokacin ta fitar da ma'auni mai maki tara a 1986. Ko wanne aka ɗauka, abin da ake dubawa ɗaya ne: haƙarƙari, gadon baya, ƙasusuwan ƙugu, ƙasusuwan da ke gefen wutsiya, da ramin da ke gindin wutsiyar.

Akwai dabara mai sauƙi ga mai farawa. A tsaya a gefen saniya, a dubi layin da ya taso daga ƙashin ƙugu ya gangara zuwa gaɓar cinya ya sake hawa zuwa ƙashin gefen wutsiya. Idan ya yi tsini kamar harafin V, makinta 3 ne ko ƙasa da haka. Idan ya yi kwarin da ba tsini kamar harafin U, ta haura 3. Daga nan sai a ɗora hannu, domin gashi da girman ciki suna ruɗin ido. Tozo ma yana ruɗi. Yakan nuna alama, amma ba a dogara da shi shi kaɗai.

Abin da binciken shekarun baya-bayan nan ya tsaya a kai shi ne saniya ta haihu tana tsakanin maki 3 da 3.25: haƙarƙarinta a rufe amma hannu na jin su, ƙasusuwan ƙugu sun zagaye amma ana ganinsu. A da ana son ta fi haka ƙiba, har zuwa 3.75, kafin a gano cewa ƙarin kitsen ciwo yake sayowa. Maki ɗaya a babbar saniyar Firiziyan ya kai kilo 50 zuwa 80 na nauyi, saboda haka ba abu ne da ake gyarawa cikin mako biyu ba.

Saniya mai ƙiba

Mai gona yakan yi alfahari da saniyar da ta cika ta batse kafin haihuwa, kuma a kasuwar Wudil ko Fataskum irinta ce ke yin kuɗi. A wurin tatsa kuwa ita ce abin tsoro. Saniya mai ƙiba ta fi 'yar'uwarta rage cin abinci kafin haihuwa, kuma ta fi ta jinkirin komawa ci bayanta. Kitse yana narkewa ya shiga jini da yawa, ya nufi hanta. Hantar saniya tana da saurin karɓar kitse amma tana da nawar fitar da shi, don haka sai ya taru a cikinta, ta kumbura ta yi rawaya, aikinta na haɗa gulukos ya ragu a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Wani ɓangare na kitsen da hanta ta kasa ƙonawa yana komawa wasu sinadarai da ake kira keton, waɗanda idan suka yi yawa a jini suke haifar da cutar ketosis. Saniya takan ƙi dusa ta ɗan taɓa ciyawa, kashinta ya bushe, nono ya ragu, ta riƙa zubewa kullum. Numfashinta yakan yi wari irin na maganin goge jan farce, ko da yake ba kowane hanci ke jin sa ba. Wasu kan yi kamar sun taɓu, suna lasar bango ko suna tauna ƙarfe. Waɗanda suka nuna alama kaɗan ne. Mafi yawa ciwon a ɓoye yake. Wani bincike da aka wallafa a 2013 a kan garkuna a ƙasashen Turai goma ya gano ɓoyayyen ketosis a jikin kusan saniya ɗaya cikin biyar a makonni biyu na farko. Ana gano shi da ɗigon jini a ƙaramar na'ura mai kama da ta masu ciwon sukari, kuma maganin da aka saba bayarwa shi ne furofilin gilaikol, kimanin mililita 300 a baki sau ɗaya a rana tsawon kwana uku zuwa biyar.

Ketosis ba ya zuwa shi kaɗai. Garkuwar jikin saniya tana raunana, sai mabiyiya ta maƙale, mahaifa ta yi ruɓa, hantsa ta kamu. Tumbin da ba a cika ba yana barin fili, sai ɗaki na huɗu na cikinta ya cika da iska ya goce zuwa hagu, wanda sau da yawa sai da tiyata ake mayar da shi.

A Nijeriya irin wannan ƙiba tana da sananniyar hanya. Saniya ta yi jinkirin ɗaukar ciki, nono ya ragu ko ya ƙafe, amma ana ci gaba da zuba mata dusa da angurya kamar tana ganiyar tatsa, wata huɗu ko biyar tana cin abin da ba ta bukata.

Zazzaɓin da babu zafin jiki

Dakashi, wato nonon farko, ya fi madara yawan sinadarin kalsiyam. Lita goma na dakashi suna ɗauke da kimanin giram 23, kusan ninki tara na duk kalsiyam da ke yawo a jinin saniya a lokaci guda. Dole jiki ya ciro shi daga ƙashi, ya kuma ƙara tsotsa daga hanji, kuma wannan shiri yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya kankama. Saniyar da nata ya makara, jininta yakan tsiyace, tsokokinta su saki. Da farko tana rawar jiki tana tangaɗi, sannan ta kwanta ta lanƙwashe wuya zuwa kwiɓi, kunnuwanta su yi sanyi, tuƙa ta tsaya. Turawa sun sa wa ciwon suna zazzaɓin madara, alhali jikin sanyi yake yi. Ya fi kama manyan shanu masu yawan nono daga haihuwa ta uku zuwa sama, kuma idan ba a kai ɗauki ba mafi yawansu kan mutu cikin kwana ɗaya ko biyu.

Tarihin maganinsa yana da ban sha'awa. A 1897 wani likitan dabbobi ɗan Denmak mai suna Schmidt ya fara ɗura magani a cikin hantsa bisa zaton guba ce ke can, shanu kuma suka riƙa tashi. Daga baya aka lura ko iska zalla aka hura sakamakon ɗaya ne. Sai a tsakiyar shekarun 1920 aka danganta ciwon da ƙarancin kalsiyam, aka fahimci cewa hura hantsa tsayar da nono kawai take yi, jini ya samu sarari. Yau ana ba da ruwan kalsiyam ta jijiya, saniya kuma takan miƙe cikin sa'a ɗaya ko biyu. Aikin likita ne, domin idan ruwan ya shiga da sauri yana iya tsayar da zuciya. Kafin likita ya iso, a tallafe ta ta zauna a kan ƙirjinta, a riƙa juya ta daga gefe zuwa gefe, kada kuma a ɗura mata komai a baki, domin maƙogwaronta ya saki, abin zai iya wucewa huhu.

A nan ma wanda ba a gani ya fi yawa. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna kusan rabin shanun da suka haihu fiye da sau ɗaya kalsiyam ɗinsu yana faɗuwa ƙasa da kima ba tare da sun kwanta ba.

Abin mamaki shi ne ba a rigakafin wannan ciwo da ƙara kalsiyam kafin haihuwa. Yin haka yana sa jiki ya yi kasala wajen ciro nasa. Babban abin da ke janyo shi kuma shi ne abincin da ya cika sinadarin fotasiyam da sodiyam, wanda ke hana ƙashi sakin kalsiyam a kan lokaci. Wannan yana da muhimmanci a ƙasar da kanwa ta zama abincin shanu tun kaka da kakanni. Kanwa danginsu ɗaya da sinadarin da masu kiwon zamani ke cirewa daga abincin saniya idan haihuwa ta matso. Ga Bunaji mai ba da nono kaɗan haɗarin ƙanƙani ne, amma ga saniyar haɗin iri mai yawan nono, hikima ita ce a janye mata kanwa a makonni uku na ƙarshe, a maido da ita bayan ta haihu. Ɗanyar ciyawar da aka zuba wa taki da yawa ita ma tana da wannan illa. Sinadarin maganiziyam kuwa dole ya wadata, don sai da shi jiki ke iya motsa kalsiyam.

Saniyar ruga da lissafin bazara

Duk abin da ya gabata ya fi shafar gonakin zamani da ke kewayen Jos, Kaduna, Kano, Yola da yankin Iseyin na Jihar Oyo. Amma mafi yawan madarar da Nijeriya ke samarwa daga ruga take fitowa, kuma a can rama ce ke kisa.

Lissafin a bayyane yake. Saniya ta fi karɓar bijimi idan ta ƙoshi, a tsakiyar damina. Cikinta wata tara ne da 'yan kwanaki. Wadda ta ɗauka a Yuli ko Agusta za ta haihu a Afrilu ko Mayu, ma'ana watannin da maraƙi ya fi girma a cikinta sun faɗa Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da kara ya ƙare a gonaki, ruwa ya yi nisa, ciyawar da ta saura kuma ta zama busasshen tsinke. Furotin da ke irin wannan ciyawa yakan sauka zuwa kashi 3 cikin ɗari ko ƙasa, alhali ƙwayoyin halittar tumbi suna bukatar kimanin kashi 7 kafin su yi aiki sosai. Saniya na iya cika cikinta da ita amma tana ramewa, domin ba ta narkewa. Ƙasar yankin kuma tana da ƙarancin sinadarin fosforas, abin da ke sa a ga shanu suna tauna ƙashi da tsumma.

Irin wannan saniya tana isa haihuwa da maki 2 ko ƙasa. Naƙuda takan yi mata tsawo don ba ƙarfi, maraƙi ya fito ƙarami, dakashi ya yi kaɗan. Makiyaya sun san saniyar da sai an haɗu an ɗaga ta da sanduna kowace safiya a ƙarshen rani, kuma sun san sau da yawa wuƙa ce ƙarshenta, a farashin da bai kai rabin ƙimarta ba. Wadda ta tsira kuwa jikinta yakan rufe ƙofar haihuwa har sai ta murmure. Binciken da ILCA ta yi a garkunan Bunaji na kudancin Kaduna a shekarun 1980 ya nuna tazarar kusan shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa, inda a kiwon da aka kula ake neman maraƙi kusan kowace shekara. Ko a shanun Turai ma alaƙar a fili take: wani bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka ya gano cewa shanun da suka zubar da ƙasa da rabin maki bayan haihuwa, 65 cikin ɗari sun ɗauki ciki a barbarar farko, waɗanda suka zubar da fiye da maki ɗaya kuwa 17 ne kawai.

Akwai wani ƙulli na cikin gida da masu shirya tallafi kan tsallake. A yawancin rugage nono na mata ne, su ke sayar da shi su riƙe kuɗin, sayen abincin dabba kuwa na maigida ne. Saniyar da ta ƙafe tana jiran haihuwa ba ta kawo wa kowa ko sisi a yau, don haka idan an samu buhun dusa guda, masu tatsa ake ba. Ita ce ke zama ta ƙarshe a layi, alhali a lokacin ne ɗan abin da aka ba ta ya fi yin riba. Kilo ɗaya na tunkuza ko dusar angurya a rana, ko dami na harawar wake ko ta gyaɗa, a watanni biyu na ƙarshe yana farfaɗo da tumbi har ta iya cin moriyar busasshiyar ciyawar. Dusa ita kaɗai ba ta wadatarwa: tana da fosforas amma kalsiyam ɗinta kaɗan ne, harawa ce ke cike wannan gurbi bayan haihuwa.

Lokacin gyara

Kuskuren da aka fi yi shi ne neman gyara a makare. Idan aka lura saniya ta yi ƙiba saura mako uku ta haihu, ba a sa ta yunwa. Yin haka yana fara narkar da kitse tun kafin haihuwa, ya ɗora wa hanta ciwon da ake gudu. Lokacin gyara shi ne watanni uku na ƙarshen tatsa, inda ake rage wa mai ƙiba dusa, a ƙara wa ramammiya. Daga nan a daina tatsar ta kwana 45 zuwa 60 kafin haihuwa don hantsa ta huta ta sabunta, a riƙe ta a makin da take, ba hawa ba sauka. A makonni uku na ƙarshe a fara saba mata da abincin da za ta ci bayan haihuwa, kaɗan-kaɗan, domin tumbi yana bukatar makonni kafin ya saba da sabon abinci. Bayan haihuwa a riƙa ƙara dusa a hankali, kimanin rabin kilo a rana, ciyawa da ruwa kuma kada su yanke a gabanta. Mabiyiyar da ta wuce kwana ɗaya ba ta faɗo ba, likita ake kira. Ja da hannu ko ɗaura mata dutse yana yaga mahaifa.

Zafi ma yana da nasa kaso, musamman ga shanun Turai da 'ya'yansu. Gwaje-gwajen da aka yi a jihar Fulorida ta Amurka sun nuna saniyar da ta sha zafi a lokacin da aka daina tatsarta tana ba da kimanin lita huɗu ƙasa da wadda aka sanyaya a kowace rana bayan haihuwa, maraƙinta ma ya fi ƙanƙanta. Rumfa da ruwa a watan Maris da Afrilu haƙƙin mai ciki ne kamar yadda suke na mai tatsa.

Duk wannan tsari ya dogara ne da sanin ranar da aka yi barbara, domin daga ita ake ƙidaya ranar daina tatsa da ranar haihuwa. Masana suna ba da shawarar a auna jikin kowace saniya aƙalla sau huɗu, a kuma rubuta: ranar daina tatsa, ranar haihuwa, wata biyu bayan haihuwa, da kuma lokacin da nono ya fara ja da baya. Ga makiyayin da saniyarsa ta ɗauki ciki a watan Agusta, harawar da za ta ci a Maris da Afrilu tun a kaka ake tanadinta, cikin Oktoba da Nuwamba, lokacin da manoma ke ɗaure ta suna ɗorawa a kan bishiyoyi da rufin ɗaki, kafin masu kiwon raguna su taso mata farashi ya hau.